Dakta Babayo da Waken Matan Wunti

A cikin ni'imomin da Allah ya yi wa garin Bauchi, in aka cire duwatsu da masa, babu kamar Dakta Babayo. Shi ya faɗa da bakinsa, kuma mutum irinsa ba ya furta magana sai ya gwada ta a kwamfuta. Sarkin alƙaluma ke nan, garkuwan ƙididdiga, fitilar unguwar Ɗan Iya wadda ba ta jiran a kawo wuta. In ya fito da safe, hula a karkace, tabarau a kan karan hanci, jakar kwamfuta rataye a kafaɗa kamar layar gado, har masu keke rage gudu suke yi. Shi a ganinsa girmamawa ce. Su kuwa sun san ba ya duba hanya in zai tsallaka.

Kada wani ya ɓata bakinsa wajen tambayar jami'ar da ta ba shi daktan nan. Mai buga kati ne a Wunti ya ga akwai sauran fili a gaban sunan, ya ce, "Yallaɓai, me za a cike nan da shi?" Babayo ya yi nazari irin na manya, ya ce a sa Dakta, kafin Farfesa ta nuna. Tun daga ranar, duk wanda ya kira shi Malam Babayo sai ya maimaita sallama.

Asalinsa ma'aikaci ne a wata ma'aikata, aikinsa kai fayil daga wannan tebur zuwa wancan, kuma ya shekara da shekaru yana yi ba a taɓa kama shi da laifin buɗe ko ɗaya ba. Ana nan sai aka aiko da gurbin bita a Jos, ta koyon ƙididdiga da kwamfuta. Wanda ya dace ya je ya tafi Makka, mai bi masa matarsa ta haihu, sai abin ya gangaro kan Babayo. A can wata malama mai suna Madam Ronke ta koya musu wata manhaja da ake kira R. Harafi ɗaya tak, amma in Babayo zai faɗe shi sai ya kaɗa harshe kamar mai kiran awaki. Ita wannan manhaja ba latsa hoto ake yi mata ba. Umarni ake rubuta mata layi-layi, ka zuba mata lambobi, ta auna, ta ba ka amsa. Ba ta ƙarya, ba ta kara, ba ta kuma tambayarka ko ka gane.

Ya halarci bitar nan da ƙwazo, ban da yammaci guda. Ranar tela ya buga masa waya cewa babbar rigar da zai sa a hoton karɓar takardar shaida, hannu ɗaya ya fi ɗaya tsawo. To wa zai zauna sauraron lissafi alhali mutuncinsa yana hannun tela? Ya sulale. A wannan yammacin ne Madam Ronke ta yi bayanin yadda ake karanta amsar da manhajar take bayarwa, wata lamba da ake ce wa P. Hoton dai ya yi kyau. Yana nan rataye a ofishinsa, ya fi takardar shaidar girma.

Ofishin shago ne a Ɗan Iya, tsakanin mai aski da mai sayar da gas. A saman ƙofa an rubuta Cibiyar Ƙididdiga da Binciken Ƙwaƙwaf ta Afirka ta Yamma, Babban Ofishi. Ƙananan ofisoshin har yau ana nemansu. A ciki akwai kujera mai juyawa, ta Dakta, da benci mai gurguwar ƙafa, na jama'a. Daga kan kujerar nan yake gyara duniya. In mai shayi ya ce madarar bana ba ta kai ta bara ba, sai ya ce, "Wannan zato ne. Ina lambobinka?" In mai aski ya ce hadari ya haɗo, sai ya ce, "An gwada?" Ruwa ya sha dukan Dakta a hanya saboda ba a gwada ba.

Ƙaramin sani ƙuƙumi ne, in ji masu iya magana. Abin da ba su faɗa ba shi ne, wani lokacin a wuyan maƙwabci ake ɗaura shi.

Maƙwabtan da aka ɗaura wa wannan ƙuƙumi su ne matan Wunti masu ƙosai da alale. Ƙungiya gare su. Duk kaka sukan haɗa ƙarfi su sayo wake daga Zungur yana araha, su ɗura a duro da jarkoki, su rufe bakin da leda, su ɗaure da roba yadda iska ba za ta shiga ba. Ƙwaron da ya shigo daga gona ya mutu a ciki don rashin numfashi. Ba a buɗewa sai dab da azumi, lokacin da wake ya yi tsada, ƙosai kuma ya zama sarki a kowane faranti. Waken nan shi ne shekararsu. Daga cikinsa makaranta take fita, da haya, da ɗinkin salla, da na Ista.

Shugabarsu Matta, 'yar Bogoro ce, ta daɗe tana suya a bakin titin Wunti har hayaƙinta ya zama alamar kwatance. Coci take zuwa, amma kafin wasu masu azumin su ji labarin ganin wata, ita ta riga ta surfe wake. Makullin sito a ƙugunta yake kwana. Wata safiya, Dakta yana tsaye yana jiran ƙosai da gyara, ya ji tana ƙorafin cewa duro ya yi tsatsa, jarkoki sun cinye wuri, ɗagawa kuma sai ƙarti. Kuskurenta ke nan. Ba a kukan ciwo a gaban boka mai neman suna.

Dama yana da maganin da ya ƙirƙira. Ganyen darbejiya ne, da ɓawon lemo, da wani abu na uku da yake kira sirrin cibiya. Ya raɗa masa suna Gama-Ƙwaro Lamba Ɗaya. Wai a barbaɗa a buhu, shi ke nan, an rabu da duro har abada.

Matan suka taru a gaban sito suka shimfiɗa tabarmi. Dakta ya ƙi zama. Ilimi, in ji shi, a tsaye ya fi shiga.

"Iyayena mata," ya ce, "ni ba irin masu tallan mota ba ne da za su ce ku yarda kawai. Gwadawa za mu yi. A ilimin ƙididdiga, kowace gardama zato biyu ce. Zato na farko na malalata ne, shi yake cewa babu wani bambanci, garina da duronku duk kanwar ja ce. Zato na biyu na masu hangen nesa ne, shi yake cewa akwai bambanci. Aikin R shi ne ta auna lambobi ta ga ko zato na farko zai iya tsayawa da ƙafarsa. To shi zato na biyun nan kamar ganuwa yake, sai ka gaya wa manhaja ƙofar da za ta tsare. Ko ka ce mata, duba min ko nawa ya fi. Ko ka ce, duba ko ya gaza. Ko kuma ka ce, tsare ƙofofin duka biyu, duk ta inda bambanci ya ɓullo ki cafke shi."

A yi masa adalci, zuwa nan bai yi tuntuɓe ba. Haka aka koyar, haka ya haddace. Aku ma yana amsa sallama, sai dai bai san baƙo daga ɓarawo ba.

Matta ta gyara zama ta ce, "Ranka ya daɗe, mu wacce ƙofa za a tsare mana? Ni ta 'ya gaza' ɗin nan ce take ba ni tsoro."

Dakta ya yi murmushin tausayi, irin wanda ake yi wa wanda ya tambayi ko jirgin sama yana da birki. "Mama, wannan ƙofar an gina ta ne don masu kayan da ke gazawa. Ki kwantar da hankalinki. Inda ilimi ya shiga, tsoro fita yake."

Goggo Dudu, wadda ta fi kowa shekaru da kaifin harshe a ƙungiyar, ta ce, "To shi ƙwaron an gaya masa?"

Aka yi dariya. Dakta ma ya yi, don ya ɗauka shi ake yabo.

Da damina aka yi gwajin da ragowar waken bara. Wani kaso aka barbaɗa masa Gama-Ƙwaro a buhu, wani aka bar shi a duro yadda aka saba. Dakta ya kwashe duka ya kai wani ɗakin gwaji, don kada son zuciyar mata ya shiga cikin kimiyya. Can aka bar waken ya ɗauki lokaci, sannan aka riƙa ɗiba ana tantance mai lafiya da wanda ƙwaro ya huda. Masu ɗakin gwajin suka turo masa lambobin a waya. Ya juye su cikin kwamfuta bai kalli ko ɗaya ba. Babban mutum ba ya bin lambobi ɗaya-ɗaya kamar mai tsintar shinkafa.

Da hantsi ne, janaretan mai aski yana ruri, Dakta ya zauna a kujera mai juyawa ya rubuta umarni. Ita manhajar, in ba ka zaɓa mata ƙofa ba, duka biyun take tsarewa. Ya danna. Amsa ta fito. Lambar P ta ce sifili, ɗigo, sifili, biyu.

Dakta ya cire tabarau ya goge, ya mayar. Biyu cikin ɗari? Shi? Ko ɗalibin da ya rubuta sunansa kaɗai ya fita ai ya fi haka maki. Ya rufe kwamfuta ya sha ruwa, ya juya kujera dama, ya juya hagu, sai basira ta sauko. Yo ai laifinsa ne. Ya bar baiwar Allah tana gadin ƙofa biyu, dole hankalinta ya rabu. Ya buɗe, ya gyara layi guda, ya ce mata ta duba abu ɗaya tak, ko garin Dakta ya fi duro.

Sifili, ɗigo, tara, tara.

Ya miƙe tsaye har kujerar ta ci gaba da juyawa ita kaɗai. Casa'in da tara! Ɗayan da ya rage ma, ya san don kada a ce ya cika ne. A ƙasan lambar, manhajar ta jera wasu layuka da ke nuna yawan lafiyayyen wake a kowane ɓangare. Bai kai nan ba. Ya ɗauki hoton lambar da waya, ya yanke sama da ƙasa, ya watsa wa duniya.

Ga abin da aka koyar ranar da yake wajen tela. Lambar P ba makin jarrabawa ba ce. In ta yi ƙanƙanta, to zaton "babu bambanci" ya faɗi, akwai mutum a ƙofar da ka sa a tsare. In ta yi girma, ba kowa a ƙofar. In kuwa ka sa a tsare ƙofa guda, lambar ta kumbura har ta kusa cika ɗaya, to ɓarawon yana can ɗaya ƙofar yana lodi. Tun karon farko manhajar ta ce masa, "Akwai bambanci, je ka duba ta wane gefe." Ya ji haushi. Da ya tura ta Ƙofar Wunti kaɗai, ta dawo ta ce, "Nan kam ko kare babu," sai ya yi murna, alhali kaya suna fita ta Ƙofar Ran. Mutum ya yi ta juya tambaya har amsa ta yi masa daɗi a kunne, sannan ya kira wannan bincike.

Aka buga ƙatuwar fosta ta leda. Ga Dakta a babbar rigar Jos, ya ɗaga yatsa sama, ga casa'in da tara da jan fenti, kowace tara ta kai girman kwarya.

Su ma matan da nasu laifin, ba za a rufe ba. Matta ta ga katin sakamakon 'ya'yanta iri-iri, ta san yaron da ya kawo casa'in da tara kaza ake yanka masa. Da ta ga lambar nan, sai tsoronta ya ji kunya ya koma ciki. Ita ce ma ta riƙa bin masu shakka gida-gida. "Mutumin nan da inji ya auna," take ce musu. "Mu da me muka taɓa aunawa, in ba da tafin hannu ba? In abin ya ɓaci, ni ce." Goggo Dudu ta yi gunaguni ta gaji, ta bi sahu, don ba ta son a ce tsufa ne.

Kaka ta yi, wake ya zo daga Zungur, fari tas, manya-manya. Dakta ya tsaya a bakin sito da safar hannu yana ba da umarni. Buhu zalla, ban da leda a ciki, domin garin yana buƙatar numfashi. Bai ce komai ba game da wani bawan Allah da shi ma numfashin yake nema. Duro kuwa ya ce a fitar da su, ganinsu ma koma-baya ne. Maƙera suka kwashe suka yanka murhu da kasko, masu ga-ruwa suka raba jarkokin. Da aka gama jera buhuna har rufi, Matta ta sa kwaɗonta, Dakta ya zaro nasa, wanda ya ninka nata, ya ɗora a kai. Ba za a buɗe ba sai ranar da ya sa, a gaban manyan baƙi.

Tafiya ta yi tafiya. Wata rana da azahar Matta ta bi ta bakin sito, sai ta ji wani ƙas-ƙas-ƙas, siriri, ba ya yankewa, kamar ana soya gyaɗa a gidan maƙwabta. Ta kara kunne a ƙofa. Ƙarfen da ɗumi, alhali inuwa ce a wurin. Ta tari keke zuwa Ɗan Iya, ta zauna a bencin jama'a tana tokare gurguwar ƙafarsa da tata, har Dakta ya gama wayar da yake yi da wanda ba a jin muryarsa.

"Ranka ya daɗe, sito yana magana."

"Me yake cewa, Mama?"

Ta kwatanta masa. Dakta ya lumshe ido, ya jinjina kai kamar wanda aka kawo wa albishir.

"Madalla. Daidai lokacin da na yi hasashe. Wannan ƙarar da kika ji, ƙwarin ne suke shure-shure. Kin kuwa san shure-shure ba ya hana mutuwa."

"A ba ni makullin in leƙa, ko buhu ɗaya ne."

"Ki leƙa? Mama, in aka buɗe bincike kafin lokacinsa, ya karye, kamar azumi ne. Kuma na riga na aika wa malamata goron gayyata har Jos. So kike ta zo ta tarar da ƙofar da aka riga aka buɗe? Kunne yana ruɗi, hannu yana ruɗi. Wannan kuwa," ya nuna fostar da ke bango, "ba ta ruɗi."

Matta ta kalli taran nan biyu, jajaye, sun zuba mata ido. Ta tuna ita ce ta ce in abin ya ɓaci ita ce. Ta tashi, ta yi sallama.

Rana ba ta ƙarya, sai dai uwar ɗiya ta ji kunya. Ana dab da azumi aka kafa rumfuna a gaban sito. Kujerun roba, lasifika, ruwan leda a baho, jan ƙyalle a bakin ƙofa da almakashi a faranti. An rataya zannuwa a gefen rumfa don hoton majigi ya fito. Matan sun yi anko. 'Yan kasuwa sun zo da niyyar sayen Gama-Ƙwaro, manoman Zungur sun zo kallo. A kujerar gaba ga Madam Ronke, da ɗaurin kallabinta mai tsayi, ta baro Jos tun asuba saboda tsohon ɗalibi ya ce ya yi abin da zai sa ta alfahari.

Dakta ya karɓi lasifika ya fara daga haihuwarsa. Ya bi ta firamare, ya ratsa ma'aikata, ya yada zango a Jos. Rana ta take kafin ya iso kan wake.

"Jama'a, akwai masu magana, akwai masu hujja. Shekara aru-aru iyayenmu mata suna fama da duro kamar masu sayar da kalanzir, har Allah ya kawo wanda zai tambayi kwamfuta. Ban ce ku yarda da ni ba. Ni wane ne? Ɗan Adam ne kawai da aka ba wa abin da ba a ba kowa ba. Ku yarda da R."

Ya kunna majigi. Umarninsa ya fito a allo layi-layi, a ƙasa ga sifili, ɗigo, tara, tara. Aka yi tafi, wata ta rangaɗa guɗa.

Madam Ronke ba ta tafa ba. Ta matso da kujera, ta karanta allon daga sama, ta sake karantawa. Sannan ta tashi ta je kusa da shi, ta rage murya.

"Babayo, zo mu yi magana a gefe."

Mace mai mutunci ta miƙa masa tsani ya sauko a ɓoye. Amma gwano ba ya jin warin jikinsa. Dakta ya buɗe hannuwa, babbar rigar Jos ta baje.

"Madam, babu sirri a ilimi. Duk yabon da za ki yi, ki yi shi jama'a su ji." Ya danƙa mata lasifika.

Ta dube shi, ta dubi matan da suka yi anko. Hausarta ta zaman bariki ce, amma ba wanda bai gane ba.

"To. Ka canza ƙofa. Ka tambaye ta ko maganinka ya gaza duro."

"Kun ji malama ta gari," in ji Dakta. "Har yau jarraba ɗalibinta take yi." Ya zauna ya gyara layin da yatsa biyu, ya danna da ƙarfi don na baya su ji.

Sifili, ɗigo, sifili, ɗaya.

Ya miƙe yana dariya. "Kun gani? Gazawa ta ci ɗaya cikin ɗari. Ɗaya tak. Ko malamata ta gwada ni ta ga ƙarfe ne."

Tafi ya fi na farko. Madam Ronke ta jira ya lafa.

"Babayo, a wannan aiki ƙaramar lamba ita ce hujja. Babbar ba maki ba ce. Da ka tambaya ko naka ya fi, ta ce babu alama ko kaɗan. Yanzu ka tambaya ko ya gaza, ta ce ya gaza, kuma ba da wasa ba. Ka sauko da allon ƙasa, mu ga layin da ka tsallake."

Allon ya sauko. Ga lafiyayyen waken duro, lamba mai kauri. Ga na Gama-Ƙwaro kusa da ita, kamar ɗan tsako a gefen zakara. Wannan kam ba sai an je Jos ba.

"Na koyar da wannan," in ji ta. "Yammaci guda na yi a kai. Kana ina?"

Dakta ya duba hannun rigarsa. Duka biyun tsawonsu ɗaya.

Matta ta riga ta miƙe. Ba ta kalli allo ba, ba ta kalli baƙi ba. Ta miƙa tafin hannu.

"Dakta, makulli."

"Mama, akwai tsari. Sai babbar baƙuwa ta yanka ƙyalle, sannan a yi hoto, sannan..."

Goggo Dudu ta ratsa ta gefensa da taɓaryar da ta aro a gidan maƙwabta. Bugu biyu ta yi wa kwaɗon Dakta ya buɗe baki. Matta ta buɗe nata da makullin ƙugunta, ta tura ƙofa.

Zafi ne ya fara fitowa, da wani wari mai kama da na tsohon rumbu. Bayansa sai masu gidan, ƙwari ba iyaka. Bango baƙi ƙirin, ƙasa tana motsi, wasu suka tashi sama suka nufi rumfa kamar su ma an ba su kati. Buhunan da aka jera tsaye ƙyam sun zube sun yi laushi. Matta ta kwance bakin na farko ta tura hannu har gwiwa. Abin da ta ɗebo, rabi gari ne, rabi ɓawo, kowace ƙwayar wake da huji kamar rariya. Ta buɗe na biyu, ta buɗe na can ƙurya. Ana cewa wake ɗaya ke ɓata gari. Nan gari ɗaya ne ya ɓata wake.

Ba wadda ta yi kururuwa. Matan suka tsaya a bakin ƙofa cikin ankonsu suna kallon shekararsu tana tafiya da ƙafa shida. Goggo Dudu ta jingina taɓarya, ta zauna a ƙasa. 'Yan kasuwa suka fara zamewa ta bayan rumfa. Madam Ronke ta kama hannun Matta.

Wani zai ce a nan Dakta ya nemi ƙasa ta tsage. Wanda ya ce haka bai san manya ba. Ya tsaya ƙwari suna hawa aikin wuyan rigarsa, sai ga basira ta sake saukowa. Ya ɗauki lasifika, ya hura.

"Jama'a, kada hankali ya tashi. A kimiyya babu asara, sai darasi. Ku lura da abin da ya faru a gabanku yau. Shekara aru-aru ana zuba wake a duro bisa al'ada kawai, babu hujja. Yau, a karon farko a tarihin jihar nan, an tabbatar a ilimance cewa duro yana aiki. Sifili, ɗigo, sifili, ɗaya. Malamata shaida ce, ƙaramar lamba ita ce hujja. Wa ya samo ta? A tafa wa ilimi."

Mai janareta ne ya amsa masa. Ya kashe.

Azumin shekarar, masu kwatance da hayaƙin Matta sun sha ɓatan hanya. Kaskonta yana kife a bayan ɗaki. Wasu matan suka koma suyar ƙosan wasu a kan lada, wasu suka karɓi wankau. Matta ta kwance makullin daga ƙugunta ta ajiye a gaban ƙungiya, ba wanda ya ce ta yi, ba kuma wanda ya ce ta ɗauka. Dakta kuwa ya koma wajen mai buga kati. Tunda ya gano abin da ba a taɓa ganowa ba, ai Farfesa ta nuna. An ce yanzu yana shirya bita a kan muhimmancin duro, kuma gurbi kaɗan ya rage.

Fostar ce kaɗai ta yi amfani. Leda ce mai kauri, ba ta shan ruwa. A kanta Matta take shanya abin da ya saura, kafin masu kiwon kaji su zo su kwasa. Fuskar Dakta tana kallon sama, yatsa a ɗage, kajin unguwa suna yi masa abin da kaji suka saba.

Wata rana Goggo Dudu ta zo wucewa, ta tsaya tana kallon jajayen taran nan da suka leƙo ta ƙarƙashin garin wake. Ta yi tsaki.

"Ke Matta, har yanzu kina ajiye da ƙaryar mutumin nan?"

Matta ta kori wata kaza da kara, ba ta ɗago ba.

"Goggo, bai yi ƙarya ba. An ci casa'in da tara ɗin. Ƙwaro ne ya zauna jarrabawar."